Igiyar da Na Ɗaure a Bakin Trent

Tremont, New York, 2016

Assalamu alaikum, 'yata, Innata.

Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ki a tudu, Ya tsare ki a ruwa. Na san za ki yi dariya, ki ce bango ɗaya ne tsakanin ɗakinki da nawa, me ya kawo wasiƙa. Abin da ya kawo ta shi ne bakinki ya fi nawa sauri. In na ɗauko magana da Hausa, kafin in kai tsakiya kin tare ni da Turanci kin yanke hukunci, ni kuma tun da hawan jinin nan ya kayar da ni harshena ya yi nauyi. A takarda ba mai katse ni.

Mamanki ta ce shekaranjiya ta same ki kina fitar da kaya daga akwatin da kika shirya. Da ta tambaye ki, kika ce, "Mama, zan rubuta musu in ce ba zan zo ba. Wa zai riƙa kai Baba appointment ɗin likita? Yaya Bashir kullum yana airport wurin aiki." Ta ce kin roƙe ta kada ta gaya mini. Ke ma kin san tun kafin a haife ki magana ba ta kwana a cikin matar nan, saboda haka ina zaton so kike in ji. To, na ji.

Kafin in taɓa zancen ƙafata da ciwon ya raunana, bari in fara da abin da ya fi ta. Masu kula da kogin Trent a Ingila sun kira ki, ke Safiya 'yar Garba, jikar Sarkawan Yawuri masu sana'ar ruwa, ki hau jirginsu ki riƙa auna musu zurfin ruwa, ki nuna musu inda yashi ya taru da inda za a yashe. Juma'ar da ta biyo bayan zuwan saƙon ba wanda ya fita daga masallaci bai ji ba. Alhaji Isa mutumin Kumasi, mai sayar da jakunkuna a Canal Street, ya ce mini, "Malam Garba, wai ruwa ma sai da digiri ake auna shi? Mu a Zongon Kumasi sanda muke tsomawa." Na ce, "Alhaji, kai da ko a baho ruwa ya kai maka gwiwa sai ka fara salati, bar wa masu abin abinsu." Ina alfahari da ke, Innata, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Kin san na zauna a Ingila kafin in zo ƙasar nan, amma kullum labarin bajinta nake ba ku. Yau zan ba ki sauran, don kogin da ya kira ki shi ne ya koya mini hankali.

Ina saurayi na bar Yawuri, na samu aiki a kicin ɗin wani jirgin kaya daga Legas, har ya sauke ni a Hull. A can na shiga wani dogon jirgin ƙarfe mai ɗaukar tsakuwa, a hau kogin Trent da shi babu kaya, a loda, a gangaro. Mu biyu ne a ciki, ni da mai jirgin, wani tsohon Bature da lofe ba ya barin bakinsa ko da babu taba a ciki. Mai Lofe nake kiransa, har muka rabu bai tambaye ni ma'anar sunan ba.

Ranar da na fara ganin kogin raina shi na yi. Ni da na tashi a bakin kogin Kwara, inda in kana wannan gaɓa ba ka iya gane wanda ke waccan namiji ne ko mace, ga shi an kawo ni ruwan da za ka iya yin cinikin kaza da mutumin ƙetare ba tare da ka ɗaga murya ba. Ƙasar shimfiɗe take kamar tabarma, ba dutse ba tudu, sai gonaki da shanu da hasumiyar coci nan da can. Ruwan kalar koko ne, yana tafiya kamar an tilasta masa. Ba ya miƙewa kuma, sai lanƙwasa: ki ga hasumiya a damanki, an jima tana hagunki, an jima kuma ga ta a gabanki, duk ita ɗaya ce. A ƙasa-ƙasa an yi masa ganuwar ƙasa a gaɓa biyu, don in ya cika yakan fi gonakin tudu. A sama kuma an datse shi wuri-wuri, a gefen kowace madatsa akwai abin da suke kira lok, wato wani ɗaki mai ƙofa biyu, jirgi ya shiga a rufe, a ƙara ruwa ko a rage, sannan ya fita ta ɗaya ƙofar. Na ce a raina kogin da ake buɗe wa ƙofa ana rufewa kamar garken awaki ba abin da zai nuna mini.

Da Mai Lofe ya fara ba ni sitiyari, muna hawa ne, sama da wani gari a bakin kogin da ake kira Newark. Muka doshi wata kwana. A gida in kana hawa da kwale-kwale cikin kwana kake bi, don nan ruwa ba shi da ƙarfi, gorar tuƙi kuma tana taɓa ƙasa. Haka kakanki ya koya mini, haka nasa uban ya koya masa. Hannuna da kansa ya karkata jirgin ciki. Sai na ji ƙasa ta riƙe mu a hankali, injin yana kuka, mu kuwa ko motsi. Abin da ya sa wurin ya dace da kwale-kwale shi ne ya sa bai dace da jirgin ƙarfe ba: ruwa yana ajiye yashinsa a cikin kwana, yana haƙa zurfinsa a bayanta. Sai da wani jirgi ya zo ya ja mu, mutanen ciki suna ɗaga mini hula suna gaishe ni da aiki. Mai Lofe kuwa da bakin lofensa kawai ya nuna mini bayan kwanar.

Ilimin kakanki gaskiya ne, amma gaskiyar kwale-kwale ce. Ke ma kin tafi da ilimin makarantarki da na ruwan New York, kuma duka gaskiya ne. Sai dai in kin isa, ki yi wata guda kunnenki ya fi bakinki aiki, ko da yake na san wannan zai yi miki wuya. Na'urarki za ta gaya miki zurfin wuri a yau. Masu tsaron lok da tsofaffin matuƙa su za su gaya miki inda yashin yake bara da inda ya saba komawa bayan ambaliya. Ki gaishe su, ki sha shayinsu ko da ya yi miki salam, ki tambaye su.

Wata shekara kuma aka yi ruwan sama na kwanaki, kogin ya ciko. Ni murna nake. A Yawuri cikar ruwa ita ce sallar matuƙi, duwatsu sun nutse, kowace hanya ta buɗe. A Trent kuwa cikar ruwa rufe hanya take yi, saboda gadojinsu tsofaffi ne kuma gajeru, in ruwa ya ɗaga jirgi ita gadar ba ta ɗagawa. Muna dosar tsohuwar gadar Newark Mai Lofe ya ce in kwantar da duk abin da ke tsaye a saman jirgin. Na kwantar da komai, na bar bututun hayaƙin murhunmu, don na sha ganin ya wuce da rata. Gadar ta fille shi kamar kan rake. Baƙin hayaƙi ya zubo cikin ɗakin, ya cika tukunya, ya cika kofin shayin tsohon. Ranar ya yi magana, amma ba irin wadda ake rubuta wa 'ya ba ce.

Lokaci zai zo da naki ruwan zai ciko, albashi ya shigo, a fara kiran sunanki a wurin taro. Ki ji daɗinsa, halalinki ne. Amma a irin lokacin nake so ki fi duba abin da ke saman kanki, kada ki ce jiya na wuce nan lafiya. Sallarki ma ki kula da ita, don da sanyi ranar can gajeriya ce ƙwarai, kina sallame azahar la'asar ta taho. Rigar nan mai hana nutsewa kuma ki sa ta ko da ruwan bai kai miki ƙugu ba. Na san kin iya iyo, ni na koya miki, amma sanyin ruwan can yana ƙwace hannun mutum kafin ya tuna ya iya.

Na bar babban kuskuren a ƙarshe, ko da yake shi ya fara faruwa, a tafiyata ta farko.

Daga lok na ƙarshe, ƙasa da Newark, har zuwa inda Trent ya faɗa cikin babban kogin Humber, teku ce ke mulkin kogin. Sau biyu a yini da dare takan turo ruwa ya hau, har kogin ya juya yana gudu baya, sannan ta janye abinta. Na san teku tana cika tana janyewa, ai na ƙetare ta, amma a kicin na ƙetare ta, ban taɓa riƙe igiyar jirgin ba. Kuma ban taɓa kawowa a raina cewa hannunta zai kai can cikin gonaki ba, inda shanu ke kiwo a gaɓa. A wurinmu ruwa da damina yake hawa, da rani ya sauka, yana ba ka watanni ka shirya.

Muka isa Gainsborough da hantsi, ruwa a cike. Muka tsaya jikin wata katanga mai zobban ƙarfe. Mai Lofe ya ɗaure jirgin gaba da baya, ya ce zai shiga gari, ya haura ya tafi. Na dubi ɗaurinsa, igiyoyin sun yi laƙwas, har cikinsu yana taɓa ruwa. Kunya ta kama ni a madadinsa. Kakanki ya taɓa zane ni da bulala saboda na yi sakwa-sakwan ɗauri kwale-kwale ya tafi, tun daga ranar in na ɗaure abu ya ɗauru. Na ce bari in nuna wa tsohon nan aikin Basarke. Na kwance igiyoyinsa, na ja jirgin ya manne da katanga, na ɗaure tamau, ko yatsa ba ya shiga. Na tsaya na yaba wa kaina, sannan na shiga gari neman burodi da inda zan yi salla.

Da na dawo, tun daga nesa na ga mutane a tsaye a bakin katangar. Na leƙa. Ruwan ya tafi, Innata. Ya sauka kusan tsayin mutum, taɓo ya fito a gaɓar ƙetare yana ƙyalli. Jirgin yana son ya bi ruwa ƙasa, igiyoyina sun hana shi. Gefen da ke jikin katanga ya rataye, ɗaya gefen ya nutsa, komai na ciki ya gangare, igiyoyin suna wani irin kuka da har yau ban manta ba. Ga Mai Lofe da gatari, ya kori kowa baya. Ya sari ta gaba, ya sari ta baya, jirgin ya faɗa da ƙarar da ta tashi tsuntsayen garin, ya yi tangaɗi, ya zauna daidai.

Na ɗauko jakata, don na san aiki ya ƙare. Ya dube ni, ya dubi guntun igiyar da ke lilo a zoben, ya ce, "Wa ya koya maka wannan ƙulli?" Na ce ubana. Ya ce, "Ƙulli ne mai kyau, ban taɓa ganin irinsa ba. Amma kogin nan tafiya yake ya dawo. In ba ka ba jirgi igiyar da zai bi shi ba, ko igiyar ta tsinke ko jirgin ya kife." Ya miƙa mini sabuwar igiya, ya ce in sake ɗaurewa da ƙullin ubana da tsawon nasa.

Na yi shekaru a jirgin nan, kuma kada ki zaci kullum ni ake wa dariya. Akwai ranar da bayan tsohon ya riƙe, muna ɗauke da tsakuwa har wuya, ya kasa ko miƙewa. Ni na karɓi sitiyari tun daga lok na ƙarshe. Na bi bayan kowace kwana, na kauce wa tuddan yashin da ke kwance a ƙarƙashin ruwa kamar ina ganinsu. Lokacin babbar cikowa ce, irin wadda ruwan teku ke tahowa a tsaye daga gaɓa zuwa gaɓa, ana jin rurinsa kafin a gan shi. Ƙasa da Gainsborough na ji shi. Na tsakaita jirgin inda ya fi zurfi, na ba ruwan hanci sosai, na yi bisimilla. Ya ɗaga mu ya ajiye, ko cokali bai faɗi ba. Da muka fita Humber lafiya, Mai Lofe ya cire lofen daga bakinsa, abin da ban taɓa gani ba sai in zai ci abinci, ya ce, "Ba laifi." Ki riƙe wannan, don mutanen can ba su iya kirari ba. In shugabanki ya ce miki ba laifi, ki kira ni mu yi murna.

Da wannan hannun na zo New York. Kin san sauran: shekarun da na yi a jirgin fito, ina ɗaure shi ina kwancewa a ruwan da shi ma yake tafiya ya dawo, ban sake rataye jirgin kowa ba. Abu ɗaya ne yake ci mini rai a lokacin. A gidanmu ba a taɓa rasa mai riƙe filafilin tuƙa kwale-kwale ba, ni kuma ga ni ina renon 'ya'ya a hawa na huɗu a Tremont, inda ruwan da suka sani shi ne na famfo. Na ɗauki yayanki Bashir zuwa wurin aiki sau ɗaya, tun kafin mu bar gaɓa ya amayar da karin kumallonsa a kan takalmina, na ce shi ke nan, a kaina sana'ar ta ƙare. Sai ga ki, da ƙaramin hijabinki, kin shiga ƙungiyar 'yan makaranta masu tuƙa ƙananan jirage a kogin Bronx. Ranar da na je kallo na ga kin zo kwana kin leƙa launin ruwan kafin ki juya, ba wanda ya koya miki. Na juya baya na goge idona, na ce wa Mamanki iska ce.

Yanzu bari in zo ga ƙafata.

Lokacin da zan bar Yawuri kakanki ba shi da lafiya, tari ya ci ƙarfinsa, kuma ni ne babba. Na ce masa na fasa tafiyar. Washegari da safe ya ɗauki jakata da kansa, ya gangara bakin ruwa, mutumin nan da ya fi kowa tsananin ɗauri a garin ya durƙusa ya kwance kwale-kwale, ya ce in shiga. Shi ya tuƙa ni har inda ake hawa mota, yana tari yana tuƙi, bai bar ni na taɓa filafilin ba. Da zan sauka ya ce, "Ban haife ka don ka zauna kana ƙirga mini tari ba." Ya rayu shekaru bayan haka, kuma duk wanda ya je garin sai ya gaya masa ɗansa yana tuƙa jirgin ƙarfe a ƙasar Turawa. Abin da sai da gatari na gane a kan jirgi, shi ya riga ya san shi a kan mutum.

Abin da kike shirin yi irin ɗaurina ne na Gainsborough. Ƙulli ne mai kyau, Innata, na gani, na kuma gode, Allah Ya ba ki masu yi miki. Amma ruwanki ya motsa. In kika manne da ni, zan zauna a kujerar nan ina kallon ki kina karkacewa a hankali, kina murmushi kina cewa ba komai, kuma wannan zai fi hawan jini kayar da ni.

Don kada ki ce baki ne kawai, ga labari. Ranar Talata da kika je sallama da ƙawayenki, ina da ganin likita, na ce miki an ɗaga. Ba a ɗaga ba. Na sauka benen nan da sandata, na hau bas, na je, na ga likita, ya ce jinin ya sauka. Da na fito na ga rana da saura, sai na hau jirgin ƙasa har ƙarshen Manhattan, na shiga jirgin fito a matsayin fasinja, na ƙetare na dawo. Na ma tsaya na duba ɗaurin ma'aikatan, ba laifi. Na iso gida kafin magariba da ƙafata, Mamanki ta yi faɗa har ta gaji, sannan ta zuba mini tuwo. Ga ta nan, ga Bashir da yake zuwa duk ranar hutunsa, ga Alhaji Isa da ba ya barin kunnena ya huta. Ba a rasa masu kai ni asibiti ba. Mai auna Trent kuwa a duk zuriyarmu ke kaɗai ce.

Saboda haka ki mayar da kayan nan cikin akwati. Ranar tafiya ni zan raka ki filin jirgi, kuma ni zan ja akwatin, kada ki ce za ki karɓa. Ki riƙa kiran Mamanki ko da ba ki da labari, ita muryar take so. Ni kuma aike ɗaya nake da shi. In aiki ya kai ki Gainsborough, ki nemi tsohuwar katangar nan mai zobban ƙarfe, in tana nan. Ki jira ruwa ya janye, ki sa na'urarki ki auna mini daga zoben zuwa fuskar ruwa. Shekara da shekaru ina cewa kusan tsayin mutum, ina so 'yata ta gaya mini daidai.

Allah Ya yi miki albarka. Ya kai ki lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kare ki daga sharrin ruwa da na tudu, da sanyin da ba ki saba ba. Allah Ya sa duk jirgin da kika hau ya sauke ki lafiya, Ya dawo mana da ke a lokacin da Ya so, ki same mu da rai ko ki same mu da kyakkyawan ƙarshe. Na yafe miki duniya da lahira, na kuma sallame ki da zuciya ɗaya. Ki tafi, Innata, igiyar tana da tsawo, kuma ƙullin na kakanki ne.

Wassalam.

Mahaifinki,
Garba